Furosesa mai cibiyoyi iri biyu

Furosesa mai cibiyoyi iri biyu ƙwaƙwalwar kwamfuta ce da aka haɗa mata manyan cibiyoyi masu saurin aiki da ƙanana masu tsimin wuta a guntu ɗaya. Kamfanin ARM ya fito da wannan tsari a shekarar 2011 da sunan big.LITTLE, wayoyin hannu kuma suka daɗe suna amfani da shi. Ya iso ga masu harhaɗa kwamfutar tebur da kansu ne a watan Nuwamban 2021, lokacin da Intel ya fitar da Alder Lake, wato zubi na 12 na Intel Core. Samfurin Core i9-12900K yana da manyan cibiyoyi 8 da ƙanana 8.

Rabon aiki

Babbar manhajar kwamfuta ce ke yanke shawarar cibiyar da kowane aiki zai hau. Shekaru da yawa tana yin haka bisa zaton duk cibiyoyin ƙarfinsu ɗaya. Da zaton ya rushe, sai ya zama za ta iya ɗora aiki mai nauyi a kan ƙaramar cibiya alhali manyan suna zaune, mai kwamfuta ya biya kuɗin sauri bai samu ba. Don haka Intel ya dasa wani sashe cikin furosesar mai suna Thread Director, wanda ke lura da irin umarnin da kowane aiki ke gudanarwa, ya sanar da babbar manhaja inda ya fi dacewa. Shawara kawai yake bayarwa, hukuncin na manhajar ne.

Windows da Linux

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, an gina ta ne tana sauraron Thread Director. Windows 10 tana tashi a kan waɗannan furosesoci kuma ta san akwai manya da ƙanana, sai dai ba ta cin cikakkiyar moriyar shawarar. An fi ganin illar haka idan mutum ya bar aiki mai nauyi, kamar sarrafa bidiyo, yana gudana a bayan fage: sai ta mayar da shi kan ƙananan cibiyoyi, aikin ya yi ta jan ƙafa. Linux kuwa ta fara karɓar bayanan da furosesar ke aikowa a zubi na 5.18, a shekarar 2022.

Wasu matsaloli

Wasannin kwamfuta da dama masu kariyar Denuvo sun ƙi buɗewa da farko, domin kariyar ta ɗauki cibiyoyin iri biyu a matsayin kwamfutoci biyu daban. Kafin a gyara wasannin, an sanya wani zaɓi a cikin BIOS da ke ba mutum damar dakatar da ƙananan cibiyoyi ta hanyar danna maɓallin Scroll Lock, maɓallin da kusan an manta da amfaninsa. Manhajar VMware ESXi ma takan tsaya tun wajen tashi idan ta tarar cibiyoyin ba iri ɗaya ba ne, sai an canza mata saiti.

Umarnin AVX-512 ya zama asara. Manyan cibiyoyin suna iya gudanar da shi, ƙananan ba sa iyawa, shi ya sa aka rufe shi. Wasu masu harhaɗa kwamfuta sun riƙa kashe ƙananan cibiyoyi domin su buɗe shi, har Intel ya toshe hanyar a 2022.

Ba duka samfuran Alder Lake ne ke da ƙananan cibiyoyi ba. Core i5-12400 manya 6 kaɗai gare shi, don haka matsalar rabon aiki ba ta shafe shi ba.