Ƙarar salansar mota: yadda ake gane inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Salansa, wadda a Faransanci ake kira échappement, ita ce hanyar da hayaƙin inji ke bi har ya fita ta bayan mota. Ba ƙarfe guda ba ne. Daga jikin inji akwai kolekta, mai tattara hayaƙin silinda duka zuwa bututu ɗaya. Sai ɗan guntun bututu mai lanƙwasa da ke shanye girgizar inji, sai katalizer mai rage gubar hayaƙi, sai tukunya ɗaya ko biyu da ke kashe ƙara. Ban da kolekta, sauran suna rataye a ƙarƙashin mota da robobi. Kowane ɗaya idan ya lalace da irin kukansa, shi ya sa makanikin kirki yakan saurara kafin ya ɗauki sifana.

Idan ana jin "tak-tak-tak" daga gaba da sassafe, kuma ta ragu bayan inji ya yi zafi, yawanci juwan ɗin da ke tsakanin kolekta da inji ne ya ƙone, ko kolektan ya tsage. Ƙarfe na buɗewa da zafi, sai tsagar ta matse, mai mota ya ɗauka abin ya wuce. Bai wuce ba. Ruri mai kauri daga baya, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, huda ce a tukunya ko a bututu. Ƙarar gwangwani kuwa, sau da yawa farantin kare zafi ne ya saki. Idan an bugi katalizer da hannu, a lokacin da ya huce, aka ji kamar tsakuwa a ciki, saƙar da ke cikinsa ta farfashe. Bugu mai nauyi a kan hanya mai gargada alama ce ta robar rataya da ta tsinke.

A duba da inji a sanyaye, mota kan ramin gareji, ba kan jak kaɗai ba. Baƙin kunkunniya a gefen mahaɗa yana nuna inda hayaƙi ke zurarewa. Idan ba a gani ba, a tayar da inji, wani ya toshe bakin bututun baya da tsumma na ƴan daƙiƙoƙi, sai ƙarar hudar ta fito fili. Ruwan sabulu ma yana yin kumfa a wurin.

Mutane kan yi mamakin ganin tsatsa a ƙasa mai bushewa irin tamu. Yawancin motocinmu tsofaffi ne da suka zo daga Turai ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, kuma can ana zuba gishiri a hanya lokacin sanyi. Sun iso da cutarsu. Ga kuma gajerun tafiye-tafiye cikin gari: ƙonewar esansi na haifar da tururin ruwa, idan bututu bai yi zafi sosai ba ruwan ya kwanta a tukunya ya ci ta daga ciki. Sauran aikin, tudun rage gudu da ramukan hanya su ƙarasa.

Huda a baya damuwa ce ga maƙwabta. Huda a gaba, kusa da inji ko ƙarƙashin kujeru, maganar rai ce. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko gyangyaɗi a kan doguwar hanya, irin ta Yamai zuwa Damagaram, ba kullum gajiya ba ce. A tsaya, a buɗe gilasai, a fita. Kwana cikin mota da inji a kunne saboda sanyin kilim ya fi komai haɗari.

Aljihu ma yana ji. Idan hudar tana gaban na'urar auna iska, wato sond lamda, iskar waje na shiga, kwamfutar mota ta zaci esansi ya yi kaɗan, ta ƙara shi.

Wajen gyara, juwan da roba canza su ake yi, kuma ba su da tsada. Ƙaramar huda a bututu mai sauran ƙarfi, walda ta isa, amma a cire kan batir tukuna, kuma in wurin na kusa da tankin mai a kwance sashen a yi aikin a ƙasa. Bututun da tsatsa ta mai da shi kamar takarda, walda ɓarnar kuɗi ce, gobe gefenta zai huje. Kolekta galibi zubin ƙarfe ne, waldarsa ba ta cika riƙewa ba, gara a nemi wani ko da na hannu ne. Mannen da ake shafawa na kai mutum gida ne kawai.

Sai batun katalizer. Tun daga 1993 kusan duk sabuwar mota mai esansi da aka sayar a Tarayyar Turai tana da shi, kuma a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Saboda haka ne wasu ke gaggawar ba da shawarar a fasa shi a zubar da cikin, alhali akwai masu saye. Motar da aka yi wa haka ƙararta na ƙaruwa, hayaƙinta ya fi guba, a sababbin motoci kuma fitilar inji ta kama. Idan har ya toshe ko ya farfashe dole a cire shi, mai mota ya tsaya a yi a gabansa, ya karɓi tsohon, domin kayansa ne.