Daga Cikago zuwa Agadas: taƙaitaccen tarihin gitar mai nauyin amo

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun kiɗan da ake kira buluz-rok da kuma rok mai nauyi, daga Amurka zuwa Ingila, har zuwa arewacin ƙasarmu Nijar. Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce: shin gaskiya ne, kamar yadda ƴan jaridun Turai suke yawan rubutawa, cewa makaɗan Agadas sun maido da buluz gida ne kawai? Kafin mu ba da amsa, ya kamata mu duba zango uku da wannan kiɗa ya yada.

2. Zango na farko: Cikago

Buluz waƙar baƙar fatan kudancin Amurka ce, jikokin bayi, musamman masu aikin gonakin auduga na Misisifi. A can mutum ɗaya da gitarsa ta katako ya ishi taro. Amma da dubbansu suka yi ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki, sai hali ya sake. Muddy Waters ya isa Cikago a shekara ta 1943, ya tarar hayaniyar gidajen rawa tana danne amon gitarsa, don haka ya koma ga mai aiki da lantarki, ya ƙara ganguna da sauran kayan kiɗa. Kamfanin Chess ne ya buga faya-fayensa, tare da na Howlin' Wolf, kuma Willie Dixon ya tsara musu waƙoƙi da dama. Ke nan, ƙarar amo ta samo asali daga bukatar baƙo na a ji shi cikin birni.

3. Zango na biyu: Ingila da sauran ƙasashe

A 1958 Muddy Waters ya yi rangadi a Ingila. Samarin da suka taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka rungumi faya-fayen Cikago hannu bibbiyu. Ƙungiyar Rolling Stones, wadda aka kafa a 1962, daga wata waƙarsa ta ɗauko sunanta. A 1966 abubuwa uku suka faru. Eric Clapton ya buga faifai tare da John Mayall, inda ya buɗe na'urar ƙara amo ta Marshall har sautin ya yi kauri yana gurnani. Daga nan ya shiga ƙungiyar Cream. A watan Satumba kuma Jimi Hendrix, baƙar fata ɗan Amurka, bahago, ya sauka Landan. Cikin shekara huɗu, kafin rasuwarsa a 1970, ya mai da kukan na'ura, wanda da ake ɗauka aibi ne, ya zama wani ɓangare na kiɗa.

A 1968 aka kafa Led Zeppelin da Deep Purple, da kuma ƙungiyar da ta zama Black Sabbath a birnin masana'antu na Bamingam. Makaɗinta Tony Iommi ya rasa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya yi musu hula da roba, ya nemi tsirkiya mai laushi, daga baya ya sassauta ɗaurinta, sai amon ya ƙara zurfi da nauyi. Salon ya bazu: Rory Gallagher a Ailan, Scorpions a Jamus, AC/DC a Ostareliya tun 1973. Sai dai ba kullum aka ba mai haƙƙi haƙƙinsa ba. A 1985 Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara bisa wata waƙarsa, aka sasanta a wajen kotu.

4. Zango na uku: Sahara

Farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobi, suka kori samarin Abzinawa na Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya. Waɗannan samari ake kira ishumar, kalmar da ta fito daga sunan da Faransanci ke ba marar aikin yi. Cikinsu ne Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka fara kiɗan da ya zama ƙungiyar Tinariwen, wajejen 1979. A Nijar, Abdallah ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka riƙe wannan tuta. Bayan abin da ya auku a Cintabaraden a watan Mayu na 1990, tawaye ya ɓarke, kaset ɗin waɗannan makaɗa suka riƙa yawo hannu da hannu a ɓoye. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 gitar ta fito fili, ta shiga bukukuwan aure.

Tsara ta biyu ce ta haɗu da rok gaba da gaba. Bombino, wanda aka haifa a 1980, ya yi gudun hijira yana yaro, ya koyi abubuwa da dama daga kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler. A 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya shirya masa faifansa Nomad. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma bahago, ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma faifansa Afrique Victime na 2021 rok ne mai nauyi sosai. Tinariwen kuwa ta karɓi kyautar Grammy a 2012.

5. Kammalawa

Ba mu musun cewa akwai dangantaka. Masana sun daɗe suna alaƙanta banjon Amurka da kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, kuma Ali Farka Touré na Mali, da ya ji John Lee Hooker, ya ji kamar kiɗan gida yake saurare. Amma batun «komowa gida» yana ɓoye abu biyu. Na farko, gitar ta ishumar ta ɗauko tafinta da bugunta daga kiɗan tende na mata da kuma takamba, waƙarta kuma cikin Tamajak take, tana magana a kan fari, hijira da kewar gida, wadda suke kira asuf. Na biyu, Hendrix ya iso mana ta kaset da bidiyo, a matsayin baƙo, makaɗanmu suka zaɓi abin da ya yi musu, suka bar saura.

A ganinmu, abin da ya fi haɗa zangon nan uku shi ne halin da makaɗan suka sami kansu: ɗan gonar auduga a birni, lebura a masana'anta, makiyayi da ya rasa garke. Aikin da ke gaban masu bincikenmu shi ne tattara tsofaffin kaset da jin ta bakin waɗanda suka rage daga tsara ta farko. Abdallah ag Oumbadougou ya rasu a 2020, kaset kuma rana da ƙura suna cinye ta.