Yawan Jama'a da Ƙarancin Kujera: Tarihin Zaɓe a New Bell ta Duwala da Matsayin Hausawa Cikinsa, 1945 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin zaɓe a New Bell, unguwar baƙi ta birnin Duwala a Kamaru, tun tana cikin tsohuwar mazaɓar Wouri har ta zama mazaɓar Wouri ta Kudu. An dogara da sakamakon zaɓuka da dokokin zaɓe da ayyukan masana tarihi. Maƙalar ta nuna cewa duk lokacin da yawan mutanen unguwar ya kusa zama iko, sai a sauya ƙa'ida, kuma wannan ne ya tura Hausawa neman inuwar hukuma.

Muhimman kalmomi: New Bell, Wouri, zaɓe, baƙi, 'yan ƙasa, Hausawa.

1.0 Gabatarwa

Richard Joseph ya yi nazarin jam'iyyar UPC a littafinsa na 1977, Lynn Schler kuma ta rubuta tarihin zaman baƙin New Bell a 2008. Wannan maƙala ta ɗora a kan ayyukansu da tambaya guda: me ya sa unguwar da ta daɗe tana cikin mafi cunkoso a Duwala ba ta samu wakilci daidai da yawanta ba? Hausawa a nan, bisa al'adar kudancin Kamaru, sun haɗa da Fulani da Barebari da sauran Musulmin da suka gangaro daga arewa.

2.0 Kafuwar Unguwar

Jamusawa ne suka shata New Bell dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin su kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wouri, suka bar filin kilomita guda tsakaninta da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka kan wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Yawancin mutanensa ba su tare a sabuwar unguwar ba, sai baƙi suka cika ta a zamanin Faransawa: Bamileke da Basa da Ewondo, masu aikin tashar jiragen ruwa da layin dogo. Hausawa suka kafa tasu shiyyar, suna fataucin goro da shanu, suna fawa da ɗinki. Hukuma ta naɗa wa kowace al'umma sarkinta mai karɓar haraji. Tun kafin a zo da akwatin zaɓe, baƙo ya saba isa ga gwamnati ta ƙofar sarkin ƙabilarsa.

3.0 Zamanin Rajista Biyu, 1945 zuwa 1956

A Satumba 1945 yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya rikiɗe ya zama tarzoma, Turawa mazauna gari suka harbe mutane da dama. A watan da ya biyo baya aka shiga zaɓen farko na wakilan majalisar Faransa, da rajista biyu: ɗaya ta masu shaidar zama 'yan Faransa, ɗaya ta 'yan Kamaru. Ta biyun ma ta sarakuna ce da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa masu lasisi. Alexandre Douala Manga Bell, ɗan sarkin da aka rataye, shi ya ci kujerar 'yan Kamaru. A majalisar yanki ta 1952, tsirarun da ke rajista ta farko sun samu kujeru 18 cikin 50. Paul Soppo Priso, attajiri ɗan ƙabilar Duwala, ya wakilci Wouri, ya kuma shugabanci majalisar daga 1954.

A tsakiyar shekarun 1950 Bamileke kaɗai sun fi 'yan ƙabilar Duwala yawa a birnin, amma manyan kujeru na hannun masu gari. Muryar leburori da marasa aikin yi sai ta koma UPC, wadda aka kafa a Duwala ranar 10 ga Afrilu 1948, hedkwatarta kuma tana New Bell. Babban sakatarenta Ruben Um Nyobè ya tsaya takara a 1951 da 1952 bai yi nasara ba, jam'iyyar ta zargi hukuma da maguɗi. A Mayu 1955, zamanin babban kwamishina Roland Pré, rikici ya ɓarke, aka ƙone hedkwatar, aka haramta jam'iyyar ranar 13 ga Yuli.

Dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta soke rajista biyu, ta ba kowane baligi ƙuri'a. Sai dai ƙuri'ar ta iso New Bell bayan an cire jam'iyyar da ta fi ƙarfi a can. UPC ta yi kiran ƙaurace wa zaɓen 23 ga Disamba 1956, masu fita a Duwala suka yi ƙaranci ƙwarai. Cikin kujeru 70, ɓangaren Ahmadu Ahidjo na arewa ya samu 30, na André-Marie Mbida 20, na Soppo Priso 8.

4.0 Hausawa Tsakanin Hukuma da Maƙwabta

Hawan Ahidjo, mutumin Garwa, kujerar firayim minista a Fabrairu 1958 ya sauya lissafin Hausawan Duwala. Su tsiraru ne a cikin baƙi, yawansu bai kai ya ba su kujera ba. Sana'arsu kuwa ta rataya ne kan lasisi da rumfar kasuwa da izinin shigo da shanu, duk a hannun hukuma. Ga kuma Musulmi ɗan arewa a kan mulki. Shugabanninsu suka karkata ga gwamnati, alhali maƙwabtansu Bamileke da Basa su ne ƙashin bayan UPC mai yaƙin sunƙuru.

An ba Kamaru 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960. A ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki ta 21 ga Fabrairu, Wouri ta ƙi amincewa, arewa ta amince. A zaɓen 10 ga Afrilu jam'iyyar Ahidjo ta ci kujeru 51 cikin 100, Soppo Priso ya rasa tasa. Mako biyu bayan haka, ranar 24 ga Afrilu, gobara ta cinye shiyyar Kongo, matattarar magoya bayan UPC, dubban mutane suka rasa matsuguni. Masana sun saɓa kan wanda ya kunna wutar da yawan waɗanda suka mutu, amma ruwayoyi da dama sun ambaci jami'an tsaro da wasu mutanen shiyyar Hausawa ɗauke da makamai a gefen unguwar. Wajibi ne manazarcin Bahaushe ya fuskanci wannan babi da gaskiya. Kariyar da aka samu a inuwar hukuma, da amincin maƙwabta aka biya ta.

Daga 1 ga Satumba 1966 jam'iyya ɗaya ce, UNC, wadda ta zama RDPC a 1985 ƙarƙashin Paul Biya. Gasar ta koma wajen shirya jerin sunayen 'yan takara, inda kusanci da manya ya fi yawan jama'a amfani. Wannan tsari ya yi wa al'umma ƙarama mai haɗin kai daidai.

5.0 Dawowar Jam'iyyu da Batun 'Yan Ƙasa

A 1987 New Bell ta zama cibiyar ƙaramar hukumar Duwala ta Biyu, a ƙarƙashin babbar hukumar birni wadda a lokacin shugaban ƙasa ke naɗa mata wakilin gwamnati. Dokokin Disamba 1990 suka halasta jam'iyyu, a 1991 kuma zanga-zangar rufe gari ta tsayar da kasuwannin Duwala na watanni. Jam'iyyar adawa ta SDF ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na 1 ga Maris 1992, RDPC ta samu kujeru 88 cikin 180, UNDP ta Bello Bouba Maigari 68. A nan Musulmin kudu suka ga jam'iyyar adawa mai jagora ɗan arewa. A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba, John Fru Ndi na SDF ne ya rinjaya a Duwala.

Ranar 21 ga Janairu 1996 SDF ta kwashe ƙananan hukumomin birnin, yawancin magadan garin da suka fito kuwa Bamileke ne. A Fabrairu 'yan Sawa, al'ummomin bakin teku, suka fita zanga-zangar nuna rashin yarda. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya riga ya tanadi kare haƙƙin tsiraru da 'yan asalin yanki, dokar zaɓe kuma ta wajabta kowane jerin sunaye ya nuna al'ummomin mazaɓa. Ga Hausawa wannan tanadi takobi ne mai kaifi biyu: yana buɗe musu gurbin kansila, yana kuma ci gaba da ƙirga jikan da aka haifa a New Bell a matsayin baƙo.

RDPC ta karɓe Duwala ta Biyu a 2007, Denise Fampou ta zama magajiyar gari. Tsohuwar mazaɓar Wouri kuwa an raba ta huɗu: Tsakiya, Gabas, Yamma da Kudu. Cikin kujeru 9 na Wouri, ɗaya ce rabon New Bell. A zaɓen shugaban ƙasa, inda shata iyaka ba ta da tasiri, halin birnin na fitowa fili. Ɗan adawa Maurice Kamto ya zarce Biya a yankin Littoral, inda Duwala take, a 2018. A Oktoba 2025 Issa Tchiroma Bakary, shi ma mutumin Garwa, ya samu kusan kashi 35 cikin 100 a sakamakon hukuma, ya kuma rinjaya a Duwala, New Bell na cikin unguwannin da aka yi arangama da jami'an tsaro.

6.0 Kammalawa

Sau huɗu ƙa'ida ta shiga tsakanin New Bell da ƙarfin yawanta: rajista biyu, haramta UPC, jam'iyya ɗaya, da rabon 'yan ƙasa da baƙi tare da yanka mazaɓa. Karkatar shugabannin Hausawa ga masu mulki amsa ce ga wannan yanayi, don haka tana iya sauyawa idan yanayin ya sauya, kamar yadda 1992 da 2025 suka nuna alama. Maƙalar na ba da shawarar a tattara sakamakon rumfunan zaɓe shiyya-shiyya, a kuma ɗauki bayanan dattawan shiyyar Hausawa da ta Kongo tun suna raye, domin a san yadda talakan Bahaushe ya jefa ƙuri'arsa, a kuma auna inda ya bi sarkinsa da inda ya saɓa masa.