Birki ne ya ci Le Mans a 1953

1/ Jama'a, kullum hirarmu inji da gudu. Ni yau tarihin birki na kawo muku.

2/ Tun 1902 Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila, amma birkin dram ya ci gaba da mulki kusan shekara 50. Matsalarsa zafi: a rufe yake, in ya gasu sai ya daina kamawa.

3/ A 1953 Jaguar ta shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da C-Type mai faifan Dunlop. Faifai na shan iska, don haka direbobinta sai sun kusa kwana suke taka birki. Suka zo na ɗaya, na biyu da na huɗu.

4/ Har gobe zafin ne abokin gaba. Mai son shiga filin tsere, fara da man birki: ƙa'idar sabon DOT 3 ya jure digiri 205, DOT 4 kuwa 230. In ya tafasa, feda ta nutse, sai addu'a.

5/ Amma a kula, fad ɗin tsere sai ya yi zafi yake kamawa sosai. A titin unguwa da sanyin safiya, haɗari ne.