Daga Allurar Garmaho Zuwa Sautin Dijital

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke naɗar murya ta kuma maido da ita, amma a jikin silinda take zana sautin. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya zo da garmaho da faifai shimfiɗaɗɗe. Faya-fayen da suka biyo baya, masu juyi 78 a minti, ga saurin fashewa ga hayaniya, kuma gefe guda da ƙyar yake kai minti 5. Sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba na vinyl, wanda gefensa ɗaya ke ɗaukar fiye da minti 20. A kan irinsa aka buga wasu waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos kafin kaset ya mamaye kasuwanninmu.

Aikin faifai na gogayya ne: allura tana bin siririn kwari, tana karkarwa daidai da lanƙwasar da aka sassaƙa, amfilifaya ta ɗaga wannan karkarwa zuwa lasifika. Sauti mai kauri yana cin wuri sosai, shi ya sa a 1954 RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙa, ta tsayar da ƙa'ida: a rage kauri a ƙara siriri wajen yankan faifai, na'urar gida ta mayar da kowanne matsayinsa. Duk da wannan dabara, idan allura ta kusanci tsakiya siraran sautuka sukan dusashe, ƙura tana kawo ƙyas-ƙyas, kuma kowane sauraro yana ɗan cin faifan.

A 1982 Sony da Philips suka kawo CD. Nan babu mai taɓa wani; ana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, a adana shi da lambobi, hasken leza ya karanta. Wannan awo ya wadatar da duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a CD ta kai desibel 96, faifai mai kyau kuwa wajen 70 yake tsayawa.

To me ya ɓata wa dijital suna, har wasu ke fifita faifai a kansa? MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, yana zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance. Amma babban laifin, a ganina, na kamfanonin waƙa ne. Tun shekarun 1990 suka shiga gasar ƙarfin ƙara, suna matse waƙa har ganga da murya su zama tsayi ɗaya, kunne ya gaji kafin a kai rabi. Faifai ba ya jure irin wannan cushe, don haka sau da yawa akan yi masa gyara mai sassauci. Mai sauraro ya ji daɗi, ya ce albarkar allura ce, alhali hannun mai gyara ne.

A 2022 yawan faya-fayen vinyl da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987, kuma da yawansu daga naɗin dijital aka yanko su. Laushin nan da masoya faifai ke yabo gaskiya ne, ni ma ina ƙaunarsa, sai dai ƙari ne da allura ke yi wa waƙa. Wanda yake son ya ji abin da aka naɗa ba ragi ba ƙari, dijital mara matsi ya fi aminci, kuma kuɗinsa ya fi amfani a kan lasifika masu kyau.