Tarihin Kula da Injuna a Masana'antu: Darasin Tashar Kainji ga Ƙasar Dabai

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi tarihin yadda aka kula da manyan injuna a wannan yanki namu, a kuma duba abin da rashin kulawar ya haifar. An zaɓi tashar lantarki ta Kainji domin ita ce babbar ma'aikata ta injuna da ta daɗe a kusa da ƙasar Zuru, wadda Dabai ke cikinta, kuma tafkin da madatsarta ta tara ya miƙe har ƙasar Yawuri, maƙwabciyar Zuru. Abin da takardar ke son ta tabbatar shi ne, yawancin injunanmu ba tsufa ne ya kashe su ba, jinkirta gyara ne, kuma jinkirin nan yana da dalilai na kuɗi da na mulki waɗanda za a iya bin sawunsu shekara bayan shekara.

2.0 Gyara a Al'adar Mutanen Ƙasa

Kafin a shiga maganar injin Bature, ya kamata a tuna cewa tsara lokacin gyara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Dabai da sauran garuruwan Dakarkari, watau Lelna. Manomi ba ya jira rumbunsa ya yi yoyo kafin ya sake masa jinka. Da rani ake yankan ciyawa, a yi yaɓe, a toshe inda gara ko ɓera suka huda, domin kowa ya san ruwan farko ba ya ba da sanarwa. Haka nan kafin damina ta faɗi ake kai fartanya da garma maƙera a yi musu baki, a sake ƙotar da ta tsage. Samarin da ke aikin golmo, watau noman da ake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba da mata, ba za su yarda kayan aikinsu su kunyata su a gonar suruki ba.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan al'ada. Na farko, gyaran yana da lokacinsa sananne, wanda yake zuwa sa'ad da aiki ya yi sauƙi. Na biyu, mai amfani da kayan shi ne mai lura da su kullum. Na uku, maƙerin da zai yi gyaran da ƙarfen da zai yi amfani da shi duk suna nan kusa. Za mu ga cewa waɗannan ukun su ne suka kuɓuce wa manyan ma'aikatunmu na zamani.

3.0 Yadda Ilimin Ya Samo Asali a Duniya

A farkon zamanin masana'antu a Turai, ana barin inji ya yi ta aiki ne har ya tsaya, sa'an nan a kira makanike. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna cewa wannan hanya ba ta fisshe su ba, domin sojojin Amurka sun tarar da cewa na'urorinsu na rediyo da na hango jiragen sama da yawa ba sa aiki a lokacin da ake bukatarsu. Saboda haka a 1952 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa kwamiti a kan amincin na'urorin lantarki, wanda ya fitar da rahotonsa a 1957. Kafin wannan, a 1951, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Waloddi Weibull ya bayyana hanyar lissafi da ake ƙiyasta tsawon ran kayan inji da ita. Daga nan ne aka fara ɗaukar amincin na'ura a matsayin abin da ake aunawa da alƙaluma: sa'o'i nawa inji yake yi tsakanin lalacewa da lalacewa, kuma sa'o'i nawa gyaransa yake ci.

Mataki na gaba shi ne gyara bisa jadawali, watau a tsayar da inji bayan ya yi wasu sa'o'i ƙayyadaddu, a kwance shi, a yi masa garambawul ko da bai nuna ciwo ba. A Japan kuwa, kamfanin Nippondenso ya ƙara wani abu a wajejen 1971, ya ɗora wa mai tuƙa inji da kansa nauyin sharewa da sa mai da lura da sauyin ƙara. Sa'an nan a 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin jiragen sama na United Airlines suka fitar da rahoton da ya nuna cewa kimanin kashi 11 cikin 100 kaɗai na kayan jirgi ne lalacewarsu ke bin shekaru. Sauran sai dai a riƙa auna halin da suke ciki, a ji zafinsu da girgizarsu, a gwada man da ke cikinsu. Ashe ke nan hanyoyi uku ne: gyara bayan lalacewa, gyara bisa jadawali, da gyara bisa lura. Ta biyu da ta uku duk suna bukatar rubutaccen tarihin kowane inji, da kayan gyara a ajiye, da ikon tsayar da inji sa'ad da injiniya ya ce a tsayar.

4.0 Ginin Kainji da Shekarun Farko

An kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962, aka fara ginin Kainji a 1964 da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin. An gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a watan Fabrairu na 1969. Ruwan ya ci tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Borgu da ta Yawuri, aka tayar da mutane fiye da 40,000. Wannan shi ne farashin da mutanen yankin suka biya, kuma shi ya sa suke da haƙƙin tambayar yadda aka riƙe amanar tashar.

An tsara gidan injin ne domin injuna 12, amma 8 aka kafa. Huɗu na farko masu megawat 80 kowanne sun fara aiki a 1968, aka ƙara biyu masu megawat 100 a 1976, da wasu biyu masu megawat 120 a 1978, jimla megawat 760. A 1972 aka haɗa hukumar madatsun da tsohuwar hukumar lantarki ta ƙasa, aka sami NEPA. Daga Kainji aka ja babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga can wuta ta wuce Sakkwato, ta kuma tsallaka zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar.

Injin ruwa abu ne mai tsawon rai, amma yana da cututtukansa. Ruwa mai gudu yana haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa a jikin farfela, suna cin ƙarfen kaɗan-kaɗan, sai an riƙa cike ramukan da walda ana gogewa. Boris ɗin da ke ɗauke da nauyin sandar inji yana bukatar mai mai tsabta da sanyaya. Abin da aka naɗe wayoyin janareta da shi yana bushewa da zafi, ya tsattsage. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe inji dare ɗaya, kowannensu yana ba da alama tun da wuri. Daɗin daɗawa, kogin da kansa ya ba da lokacin gyara. Kwara tana kawo ambaliya biyu a Kainji: farin ruwa na daminar kusa, wanda ke zuwa daga wajejen Agusta, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya iso da sanyin hunturu. Tsakanin janyewar baƙin ruwa da zuwan fari tafkin yana raguwa, kuma a nan ne ya dace a tsayar da injuna bi da bi, kamar yadda manomi ke gyaran rumbu da rani.

5.0 Shekarun Jinkiri

Me ya hana a bi wannan tsari? Dalili na farko shi ne ƙarancin abin da za a jingina da shi. Bayan hauhawar kuɗin man fetur a 1973, bukatar lantarki ta yi ta ƙaruwa fiye da yadda ake gina tashoshi, ga kuma farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984, wanda ya rage ruwan kogi. Tashar Jebba ba ta fara aiki ba sai tsakiyar shekarun 1980, ta Shiroro kuwa sai 1990. Idan babu inji na ko-ta-kwana, tsayar da guda ɗaya domin garambawul yana nufin jefa wani birni cikin duhu, kuma ba shugaban da ke son a ce a zamaninsa aka yi haka. Sai a ce a bari sai baɗi.

Dalili na biyu shi ne kuɗin waje. Kusan duk kayan gyaran waɗannan injuna daga ƙasashen da suka ƙera su ake sayo su. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, alhali kuɗin da ake karɓa daga masu shan wuta bai bi sawu ba. Abin da ma'aikatu ke yi a irin wannan hali sananne ne: a ciro kayan injin da ya tsaya a sa wa wanda ke tafiya, har wanda ya tsaya domin ƙaramin ciwo ya zama gawa.

Dalili na uku shi ne yadda ake raba kuɗi da yabo. Sabon gini yana da ranar buɗewa da allo mai sunan wanda ya buɗe, amma ba a taɓa yin biki domin an sake man boris a kan lokaci ba. Kuma injiniyan da ke jin ƙarar inji a Kainji ba shi ne mai sa hannu a takardar kuɗi ba, sai takarda ta je hedkwata a Legas ta dawo.

Sakamakon ya fito fili a 1999, lokacin da aka koma mulkin farar hula. Bayanan gwamnatin tarayya sun nuna cewa daga cikin injunan samar da lantarki 79 da ƙasar ke da su, 19 ne kaɗai ke aiki. A Kainji wasu injunan sun shafe shekaru a tsaye. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa: wutar da aka ƙi ɗaukewa na 'yan makonni domin gyara, ita aka rasa na shekaru.

Ba asarar wuta kaɗai jinkiri ke jawowa ba. A ranar 17 ga Agusta 2009, a tashar Sayano-Shushenskaya da ke kan Kogin Yenisei a Rasha, wani inji da ya daɗe yana girgiza fiye da ƙima ya tsinke kusoshin murfinsa, ruwa ya cika gidan injin, mutum 75 suka mutu. Girgizar ba a ɓoye take ba, tsayar da injin ne ba a yi ba.

6.0 Farfaɗowa

Dokar gyaran sashen lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, aka kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya. Da tallafin Bankin Duniya aka ba wani kamfanin ƙasar Sin aikin sabunta injuna uku na Kainji, masu lamba 5 da 6 da 12, waɗanda ƙarfinsu ya kai megawat 340. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa Kainji da Jebba haya ga kamfanin Mainstream Energy Solutions. Abin lura a nan shi ne, ginin da aka yi a 1968 ya karɓi sabbin kaya ya ci gaba da aiki, watau tun asali ba tashar ce ta ƙare ba. Sai dai sabunta inji bayan ya mutu ya fi garambawul tsada nesa ba kusa ba, kuma da bashi aka yi shi.

Haka kuma amincin wuta bai tsaya ga tasha kaɗai ba. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a babbar tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta cinye taransifoma, jihohin Kebbi da Sakkwato suka shiga duhu. Duk inda jama'a masu yawa suka rataya a kan igiya ɗaya, lalle ne a tanadi ta biyu tun kafin ta farko ta tsinke.

7.0 Kammalawa

Wannan tarihi bai tsaya ga manyan tashoshi ba. A Dabai da kewayenta akwai injunan niƙa da na casar shinkafa, da famfunan burtsatse, da taraktoci, da janaretocin asibiti da na makarantu, kuma dalilan nan uku su ne ke kashe su: babu na ko-ta-kwana, babu kayan gyara a kusa, kuma mai lura ba shi ne mai iko da kuɗi ba. Saboda haka takardar tana ba da shawara uku. Duk hukumar da za ta sayi inji ta ware kuɗin kula da shi a cikin kasafin shekarar da ta saye shi, domin tun ran gini ran zane. Kowane inji ya kasance da littafinsa, inda za a rubuta sa'o'in aikinsa da ranar da aka sake masa mai da abin da ya taɓa lalacewa. Sa'an nan Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ta ɗauki nauyin horar da makanikai da maƙeran yankin, ta kuma tattara waɗannan littattafai, domin daga cikinsu ne masu bincike na gaba za su san abin da ke kashe injuna a ƙasarmu, da watan da ya fi dacewa a tsayar da su.