Tarihin Agogon Nutso: Daga Hannun Sojan Ruwa Zuwa Hannun Talaka



Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san darajar agogon Seiko 5. Yana cikin manyan tsarabar alhazai, shi da Rado da Orient da Citizen. Dattijo kan ɗaura shi shekara ashirin, in ya kwanta dama a lissafa shi cikin kayan gado. Yau 'yan uwanmu da dama da sayar da agogo suke cin abinci a Legas da Ibadan da Fatakwal, amma yawancin hajar mai batir ce, wadda in ta lalace sai bola. Ana cikin haka kuma sai ga matasa sun fara waiwayar agogon otomatik, musamman kakkauran nan mai zobe kewaye da gilashi, wato agogon masu nutso a teku. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san inda wannan agogo ya fito, domin tarihinsa shi ke raba wanda ya ci kuɗinsa da wanda bai ci ba.

Matsala biyu: waini da ruwa

Agogon hannu na farko sai an yi masa waini kullum, ta ɗan maɓallin da ke gefensa. Ta wannan ƙofar ce kuma ƙura da laima ke shiga su ɓata inji. Wani mai gyaran agogo ɗan Ingila, John Harwood, ya ƙera agogon da motsin hannu ke yi wa waini, ya sami rajistarsa a Suwizalan a 1924. Kamfaninsa bai daɗe ba, karayar tattalin arzikin duniya ta ci shi.

Kamfanin Rolex ne ya haɗa maganin matsalolin biyu. A 1926 ya fitar da Oyster, wanda murfinsa da maɓallinsa ake ɗaure su kamar noti. A 1927 wata 'yar Ingila mai ninƙaya, Mercedes Gleitze, ta yi sama da awa goma da shi cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, aka fito da shi yana aiki. A 1931 kuma Rolex ya kawo faifan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa a bayan inji. Duk sanda ka motsa hannu faifan ya juya, ya ɗaure sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali yana tura hannayen agogo. Har gobe haka kowane agogon otomatik ke aiki.

Me ya haɗa mai nutso da agogo?

A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar goya tukunyar iska ya nutsa teku ba tare da tiyo daga sama ba. Daga nan lokaci ya zama batun rai da mutuwa. Iskar tukunya ƙididdigaggiya ce. Sannan duk zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Gwargwadon daɗewar mutum a ƙasa, gwargwadon iskar naitirojin da ke narkewa a jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, abin da kan jawo shanyewar jiki ko ajali.

Mun ga misalin haka a gida. A watan Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon 4 ya kife a tekun Neja Delta, kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu mai iska, a zurfin kimanin mita 30. Da masu nutso suka same shi ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin rage matsi. Irin wannan lissafin ne ya haifi agogon nutso.

Jami'an sojan Faransa biyu, Robert Maloubier da Claude Riffaud, sun nemi agogon da dakarunsu za su iya karantawa cikin duhun ruwa. A 1953 kamfanin Blancpain ya yi musu Fifty Fathoms, mai jure zurfin kimanin mita 91. A daidai wannan lokaci Rolex ya fitar da Submariner mai jure mita 100. Su biyun suka kafa siffar da muke gani yau: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske a duhu, da zobe mai juyawa. Amfanin zoben shi ne mai nutso ya daidaita alamarsa da hannun minti sanda zai shiga ruwa, ya riƙa ganin mintin da ya ci. Daga baya aka mai da zoben mai juyawa gefe ɗaya kawai, don ko an buge shi bisa kuskure, ya nuna lokaci ya tafi fiye da yadda yake, mutum ya fito da wuri.

Japan ta karya farashi

Waɗannan agogunan na Suwizalan kayan soja ne da ƙwararru da masu hali. Wanda ya sauko da abin ƙasa shi ne kamfanin Seiko na Japan, wanda Kintaro Hattori ya fara da shagon sayarwa da gyaran agogo a Tokiyo a 1881. A 1959 injiniyoyin kamfanin suka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, wanda ke yin waini ko ta wane gefe faifan ya juya. Sunansa Magic Lever. Ya rage yawan ƙananan kayan da ke cikin inji, don haka ƙira ta yi sauƙi, gyara ya yi sauƙi, kuɗi ya sauka. A kan wannan fasaha aka gina Seiko 5 a 1963. An yi wasu da ranakun mako cikin Larabci domin kasuwar ƙasashen Larabawa, irin waɗanda iyayenmu suka riƙa dawowa da su daga Makka.

A 1965 Seiko ya fitar da agogon nutso na farko a Japan, wanda ake kira 62MAS, mai jure mita 150. Tawagar binciken Japan ta tafi da shi yankin ƙanƙara na Antatika. Sai samfurin 6105 da ya fito a 1968, wanda sojojin Amurka da yawa suka saya lokacin yaƙin Biyetnam saboda arha da ƙarko. Da irinsa Naomi Uemura ya yi tafiyar kimanin kilomita 12,000 a keken da karnuka ke ja, daga Girinlan zuwa Alaska, tsakanin 1974 da 1976.

A 1968 ɗin dai wani mai nutso daga garin Kure ya rubuta wa kamfanin wasiƙar ƙorafi, cewa agogunansu ba sa jure aikin zurfi. Masu irin wannan aiki suna kwanaki a ɗakin da ke cike da iskar hiliyom, ita kuma takan kutsa cikin agogo, in an rage matsi ta fasa gilashi. Seiko ya shekara bakwai yana bincike, a 1975 ya fitar da agogo mai jure mita 600 wanda iskar ba ta samun hanyar shiga. Abin da aka koya a nan ya gangaro kan masu arha, irin su 6309 da aka yi daga 1976 zuwa 1988.

Ba Japan kaɗai ba. A 1967 masana'antar Vostok da ke garin Chistopol a Tarayyar Sobiyet ta fitar da Amphibia mai jure mita 200. Da yake ba su da injinan Suwizalan, sai suka yi dabara: suka tsara gilashi da murfin baya yadda matsin ruwa zai ƙara danne su, ruwan da kansa ya toshe wa kansa hanya. Har yanzu ana ƙera shi, kuma yana cikin mafi arha. Shi ma Citizen yana da abin alfahari: a 1983 an tsinci agogon nutsonsa a bakin teku a Ostireliya, ƙananan halittun ruwa sun manne masa, amma injinsa na aiki.

Batir ya zo, otomatik bai mutu ba

Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da dutsen kwaz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma irinsa ya zama na kowa. Masana'antar Suwizalan ta ji jiki: ma'aikatanta sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A shekarun nan ne kuma masu nutso suka koma ɗaura ƙaramar kwamfuta da ke lissafa musu zurfi da lokaci. Agogon nutso na otomatik ya rasa aikin da aka yi shi dominsa.

Abin da ya cece shi ƙarko ne. Agogon da aka yi don teku ba ruwansa da ruwan sama ko gumi ko faɗuwa. A 1996 Seiko ya fitar da SKX007, mai jure mita 200, da inji 7S26 mai duwatsu 21 wanda ke bugu sau 21,600 a awa. An daɗe ana samunsa a kusan dala 200, ya zama agogon da masu tarawa ke farawa da shi a duk duniya. Da aka daina ƙera shi a 2019 kuɗinsa ya tashi, jabunsa kuma ya cika kasuwa. Abokan tafiyarsa su ne Citizen NY0040 da Orient Mako. Yau kuma Seiko na sayar wa wasu kamfanoni injinsa NH35, shi ya sa ƙananan kamfanoni da yawa, har da na Sin, ke fitar da agogon nutso mai sauƙin kuɗi da injin Japan a ciki.

Abin da mai saye zai ɗauka daga wannan tarihi

Na farko, rubutun mita a fuskar agogo yana da ma'ana. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425 wadda ta ce agogon nutso ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, ya kuma jure ruwan gishiri da maganaɗisu da bugu. Wanda ya cika sharuɗɗan shi ake rubuta wa DIVER'S. Mai rubutun mita 30 kuwa iyakarsa fantsamar ruwa, ko wanka kada a yi da shi.

Na biyu, kama da wane ba ta wane. Hannun daƙiƙa na otomatik yana tafiya ne sumul, na batir kuma yana tsalle ɗaya ɗaya. A bayan Seiko na asali akwai lambar inji da ta samfur, da lambar ƙira wadda adadinta na farko ke nuna ƙarshen shekara, na biyu kuma wata. Akwai tsofaffin agoguna da ake sake wa fenti a haɗa su da kayan wani a sayar da sunan na asali. In kuɗin da yawa, a je da mai gyara ya buɗe murfi a ga inji kafin a biya. Wanda aka ce masa ga Submariner a kuɗin buhun shinkafa, ya san me ya saya.

Na uku, a san halinsa. Injin NH35 na iya ƙara daƙiƙa 40 ko ya rage 20 a rana, kuma bai lalace ba. In an ajiye shi kusan kwana biyu zai tsaya. Mai son daidaito na sosai don lokacin salla ya riƙa saita shi sau ɗaya a mako. A tabbatar an ɗaure maɓallin gefe kafin alwala, kada a canza kwanan wata tsakanin tara na dare da huɗu na asuba, a nisanta shi da lasifika, in ya taɓa ruwan teku a ɗauraye shi da ruwan daɗi. Robar da ke hana ruwa shiga tana tsufa, sai a canza ta bayan 'yan shekaru, musamman a laimar kudu.

Na huɗu, tara agogo ba hanyar kuɗi ba ce. Kaɗan ne ke tashi, yawanci faɗuwa suke. Guda ɗaya nagari ya fi goma na bogi, kuma bai kamata a ci bashi ko a taɓa kuɗin cefane saboda shi ba.

A ƙarshe akwai maganar masu gyara. Duk darajar agogon otomatik ta rataya ne a kan mutumin da zai iya warware shi, ya wanke, ya sa mai, ya mayar. Dattawan da suka iya wannan aiki a unguwanninmu na Sabo da Agege da Idi Araba suna ƙarewa, yaran da ke zaune a teburansu kuma yawanci canjin batir kawai suka sani. Ga agogunan suna dawowa kasuwa, ga masu saye suna ƙaruwa. Duk wanda ke da yaro mai natsuwa da kaifin ido, ga sana'a nan mai ɗan jari. Wanda kuma ke da tsohon Seiko na mahaifinsa a ƙasan akwati, ya fito da shi ya kai a duba, ta yiwu wanki da mai kaɗai yake jira.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya jiƙan magabatanmu.